Ranar da Babur ɗin Baba Ya Tashi

Duk layin masu gyara an san Injiniya da magana ɗaya, wai babur bai taɓa kwana uku a rumfarsa bai tashi ba. Shi ya fara faɗa, shi yake maimaitawa, har mutane suka gaji suka yarda. Sunan Injiniyan ma ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Shi ya sa mai fenti ya rubuta masa a allo, tunda kuma ba wanda ya yi asarar komai, sai aka bi shi da shi. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. Matsalarsa ɗaya ce, ya san ya iya.

Wata Asabar da safe yana shirin fita, sai matarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya da tsintsiya a hannu.

"Baban yara, yau za a kawo maka babur ɗin Baba."

"Me ya same shi?"

"Tulin yashi ya hau jiya. Da rana tsaka. Yashin da tifa guda ta juye a gefen titi, ko daga ƙarshen layi ana hango shi. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kurje. Amma babur ɗin ya ƙi tashi tun daga nan."

"To ai da sauƙi. Kafin la'asar..."

"Kada ka gyara shi."

Injiniya ya dube ta kamar ta yi masa wani yare. Sai ta ajiye tsintsiyar ta yi masa bayani dalla-dalla. Baba, wato mahaifinta, tsohon malamin gona ne, shekara saba'in da shida a duniya, talatin da huɗu a kan babur ɗin nan. Wata biyu da suka wuce likita ya ce hawan jinin ido ya cinye masa gani, saura ɗan kaɗan, kuma kada ya ƙara hawa abin da ya fi ƙafarsa sauri. Likitan bai gaya wa Baba ba, 'ya'yansa ya gaya wa, su kuma 'ya'yan suka yi ta tura wa juna. Su biyar ne, a cikinsu har da shugabar makaranta da wanda ke ba sojoji umarni, amma aka rasa mai ƙarfin halin da zai zauna gaban tsohon ya ce masa, Baba, ka daina gani. Jiya bayan abin ya faru suka haɗu suka yanke shawarar da ta fi musu sauƙi: babur ɗin ne zai mutu. Wanda zai ba da sanarwar mutuwar kuwa, ai suna da bakanike a gida.

"Wato ni zan ce na kasa," in ji Injiniya.

"Cewa za ka yi ya tsufa, ba a samun kayansa."

"Uwar yara, kin san abin da kike nema kuwa? Babur ya shigo rumfata, ya fita ana tura shi? Maƙwabcina mai faci kaɗai ya ishe ni, sai ya yi shekara yana ba da labari."

"Ubana nake maka magana, kana mini maganar mai faci." Idanunta suka kawo ruwa. "Jiya yashi ne. Gobe fa?"

Ya ce to. Kuma har ga Allah da zuciya ɗaya ya faɗa, don yana son tsohon, yana kuma tsoron matarsa, wanda ba ya jin kunyar amsawa idan ba kowa a kusa.

Da hantsi aka sauke babur ɗin daga bayan wata a-kori-kura. Jan tanki ne a da, yanzu ya koma kalar da ba ta da suna. An sake wa kujerar fata sau huɗu, madubi ɗaya na wani babur ne daban, amma injin tsaf yake, ko ɗigon baƙin mai babu. Injiniya ya zagaya shi sau biyu, hannuwansa a baya, kamar wanda aka hana taɓa abinci. Sai ya gaya wa kansa cewa ba gyarawa zai yi ba. Zai dai gano ciwon ne don ya sani, in ya gano sai ya rufe ya yi shiru. Mutum ya ƙi gyara abu daban, ya kasa daban. Wannan hujja ta yi masa daɗi ƙwarai, ya ɗauko sifana.

Ya san injin ciki da waje, domin shekara huɗu da suka wuce shi ya canza masa wuta. Da can kwantak ne a ciki, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa su ba da wuta, kuma Baba da kansa yake saita su da 'yar siririyar takarda. Da kwantak ya yi wuyar samu, Injiniya ya cire shi ya sa na zamani: ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin kujera, da ɗan ƙaramin kwayil a kan faranti kusa da maganeto, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a gefen inji. Duk lokacin da faifan ya kawo wani wuri, kwayil ɗin ya ji, ya gaya wa akwati, akwati ya aika wa fulogi wuta. A jikin faifan akwai layi, a jikin inji akwai layi. In wuta ta zo daidai lokacin da layukan biyu suka haɗu, ta iske fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, a inda ya kamata, tayimin ya yi, magana ta ƙare. Baba bai taɓa yarda da akwatin ba. Yakan ce abin da ba a iya buɗewa a duba cikinsa, munafuki ne.

Injiniya ya cire fulogi ya jingina da inji, ya taka kik. Wuta shuɗiya, tas! Ya duba mai, yana sauka. Ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, iska ta ture shi da ƙarfi. To wuta akwai, mai akwai, ƙarfi akwai. Ya mayar da fulogi ya taka da gaske. Babur ya yi tari ta kabureta, kik ɗin ya dawo ya harbe shi a tafin ƙafa har sai da ya ambaci sunan Allah.

Mai faci, maƙwabcinsa, wani dogo mai hula ɗaya tun da aka san shi, ya ɗago daga kwanon ruwan da yake neman huji.

"Injiniya, kai kake gyara shi ko shi yake gyara ka?"

"Yi ta kanka."

Da azahar sai ga Baba da kansa, a ƙafa, fararen kaya tas, yana ɗan ɗingishi. Injiniya ya goge hannu ya durƙusa ya gaishe shi, ya jawo masa benci zuwa inuwa. Shekara goma sha tara yana auren 'yarsa, amma har yau in tsohon ya zauna sai ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya jikin, Baba?"

"Jikina lafiya lau. Mutanen yanzu ne ba su da tsari, a juye yashi a hanya ba sanarwa. Taka shi in ji."

Ya taka. Tari, harbi.

Baba ya karkata kai. "Wutar nan tana riga fistin isowa. Da nisa ma."

"Na duba layi, Baba. Daidai yake."

"Ni dai kunnena ya ce tana riga shi."

"To, Baba," in ji Injiniya cikin ladabi, a ransa kuwa yana cewa, mutumin da bai ga tifa guda ta yashi ba shi zai koya mini tayimin.

Don ya wanke kansa, ya je wurin mai gyaran mota ya aro tocilar nan mai walƙiya duk lokacin da fulogi ya ba da wuta. Ya sa mai faci ya taka, shi kuma ya haska faifan. Walƙiya ta kama layi a kan layi, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Duk da haka ya ɗan sassauta farantin ya matsar da shi kaɗan baya, kaurin ashana, don kada a ce bai ji maganar babba ba. Babur ya ƙara harbin mai faci, wanda ya rantse ba zai sake taka shi ba ko da za a naɗa shi gwamna. Injiniya ya mayar da faranti kan layi, ransa fes, tunda ya tabbatar tsohon bai yi daidai ba.

Ran Lahadi ya canza fulogi, ya canza babban kwayil mai kai wa fulogi wuta, ya wanke kabureta da ba ta yi laifin komai ba. Ran Litinin ya kama akwatin, domin a layin nan duk abin da ya gagara a kan akwati ake ɗora shi. Ya sa wani sabo, bai tashi ba. Ya ciro na babur ɗinsa mai lafiya ya jona, bai tashi ba. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya da mita, ya kankare wurin da baƙar waya ke kama jikin ƙarfe har yana sheƙi. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, bai cire faifan ba. Me zai cire? Shi da hannunsa ya ɗaure shi shekara huɗu da suka wuce, abin da ya ɗaure kuwa ba ya motsi.

A gida kullum matarsa na tambaya, shi kuma yana amsawa da fuskar mutumin kirki. "Ai yana nan yadda aka kawo shi, bai tashi ba." Ita tana sa masa albarka, tana ƙara masa nama a kwano, tana buga wa yayyenta waya tana cewa mijinta ya rufa musu asiri. Wannan yabo ya fi zagi ci masa rai. Ana gode masa saboda ya ƙi, alhali shi ya san kasawa ya yi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Ran Talata da safe, kwana uku cur sun cika, mai faci ya zo ya tsaya gaban allon rumfar yana karantawa da ƙarfi, harafi bayan harafi, kamar bai taɓa gani ba. Sannan ya ce, cikin tausayawa irin ta maƙwabci, akwai wani bakanike a bayan tasha, hannunsa na da kyau a kan tsofaffin babura, kuma jiya ya ji Baba yana tambayar inda rumfarsa take.

Nan Injiniya ya sha jinin jikinsa. In aka kai babur ɗin bayan tasha, abu biyu ne zai faru, kuma duka ba dama. Ko dai mutumin ya gano abin da shi ya kasa ganowa, sunansa ya zube, ko kuma, wanda ya fi muni, Baba ya koma kan titi. Sai a lokacin ya tuna da alkawarin da ya yi wa matarsa, ya kuma ji ya zama mai tsananin cika alkawari. Tunda babur ɗin ya ƙi tashi a hannunsa, to ba zai tashi a hannun kowa ba.

Da wani bakaniken ne, da ya tsinke waya a ɓoye, ko ya sa mataccen akwati. Amma wannan aikin 'yan koyo ne, minti goma za a gano, a kuma san wanda ya yi. Injiniya ko ɓarna zai yi, sai ya yi ta gwaninta. Ya yanke shawarar zai kai wutar inda ba za ta taɓa haɗuwa da fistin ba. Ya yi tunanin ya kai ta gaba, sai ya tuna harbin zai ƙaru, ƙafar tsoho kuwa ba ta mai faci ba ce. To baya. Ya cire farantin, ya ɗauko zarto siriri ya tsawaita ramukan kusoshin, ya mayar, ya murɗa shi baya har ƙarshe, nisan da ba wani mai hankali da zai kai shi. Ya ɗaure, ya shafa ɗan baƙin mai da ƙasa a wurin don kada sabon yanka ya nuna, ya rufe murfi. Ya ja da baya ya dubi aikinsa. Rabon da ya yi aiki mai tsafta haka har ya manta.

Da hantsi Baba ya iso. Injiniya ya durƙusa, ya gaishe shi, ya gyara murya, ya fara karanto jawabin da ya kwana uku yana gudu.

"Baba, wato injin nan... shekaru ne. Na yi iya ƙoƙarina. Kayan irinsa kuma yanzu..."

"Bari in taka shi da ƙafata," in ji Baba. "In ya ƙi ni, na yarda."

Ya lalubi kan babur ɗin, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Ya murɗa makulli, ya ɗan taɓa totur yadda ya saba shekara talatin da huɗu, ya yi bismillah ya taka.

Taka ɗaya.

Babur ya tashi. Kuma ba tashin ciwo ba, ba tari, ba harbi. Wata irin ƙara mai laushi, daidai wa daida, irin wadda Injiniya bai ji daga injin nan ba ko ranar da ya sa masa akwati sabo fil. Salansa na fitar da ɗan hayaki siriri. Madubin aro ko girgiza ba ya yi.

Gumi ya karyo wa Injiniya, a daidai lokacin kuma kansa ya buɗe, lokacin da buɗewar ba ta da sauran amfani. Yashin! Da babur ya nutse a yashi, inji ya tsaya cak, faifan kuwa da nauyinsa bai tsaya ba, ya karya ɗan mitsitsin ƙarfen da ke riƙe shi a kan sandar inji, ya zame gaba. Layin yana jikin faifan, ya zame tare da shi. Kwana uku yana bin layin da ya bar wurinsa, tocila tana ba shi shaida, mita tana ba shi shaida. Wuta tana riga fistin da nisa, kamar yadda aka gaya masa tun ranar farko. Shi kuma yau, da zartonsa da muguntarsa, ya mayar da ita daidai inda ya kamata ta zauna.

"Allahu akbar!" in ji mai faci, ya yar da tayar da ke hannunsa. "Jama'a ku zo ku gani! Wallahi mutumin nan maye ne! Injiniya, na janye maganata!"

Mai walda ya leƙo, mai sayar da baƙin mai ya taso, har da wasu masu jiran gyara. Baba yana dariya, haƙoransa duka a waje, yana murɗa totur a hankali yana saurare.

"Ka ji ko? Baya ka kai ta?"

"Baya na kai ta, Baba," in ji Injiniya da wata murya kamar ba tasa ba. Yana durƙushe a gefen hagu, kusa da injin.

"Na gaya maka. To madalla, Allah ya yi albarka. Bari in ɗan zaga da shi kasuwa in dawo."

Tsohon ya tura babur gaba ya sauke shi daga tsayuwa, ya kama kuloci. Injiniya ya ji ƙarar shigar giya, ƙas. Ya dubi bakin rumfa: kwata a buɗe, sai titi, titin da ke kai wa kasuwa, inda manyan motoci ke juyawa. Ya tuna fuskar matarsa a bakin ƙofa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ba ruwansa da suna ko allo. Ba sauran inji da zai ɓuya a bayansa, ba sauran waya ko akwati da zai ɗora wa laifi. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya zagaya ya tsaya a gaban babur ɗin, tayar gaba tana taɓa gwiwarsa, hasken titi a bayansa.

Baba ya ɗago kai, ya ƙanƙance ido.

"Malam, ɗan ba mu hanya mana."

Injiniya bai motsa ba.

Tsohon ya juya gefen hagu, ya sunkuyar da kai wajen da babu kowa sai kwanon kusoshi da tsumma. "Injiniya, gaya wa bawan Allahn nan ya matsa. Ko kurma ne?"

Mai faci ya daina dariya. Mai walda ya sunkuyar da kai. Ba abin da ake ji sai injin, yana ta bugawa lafiya lau.

"Ni ne, Baba," in ji Injiniya.

Baba ya daɗe yana duban inda muryar ta fito. Ya sake duban gefen hagu. Sannan ya saki totur, ya miƙa hannun dama a hankali har ya taɓa ƙirjin rigar aikin, ya shafa aljihun da sukundireba ke ciki, ya janye hannun. Injiniya ya ji hawaye na taruwa masa, ya kuma ji kunyar da bai taɓa ji ba, ba don kansa ba, don tsohon da aka tsayar a gaban mutane.

Baba ya lalubi makulli ya kashe.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka shigar da shi ciki, kada ruwa ya taɓa shi."

Ya sauko, Injiniya ya riƙe babur ɗin ya kafe shi. Mutane suka watse, kowa ya tuna yana da aiki. Tsohon ya gyara hularsa, ya karkaɗe rigarsa, ya taka har bakin kwata ya tsaya. Ya ɗan jima a nan, bayansa a miƙe.

"Zo ka tsallakar da ni, ɗana," ya ce, bai waiwayo ba. "Motocin nan sun yi yawa yau."

Injiniya ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya duba hagu, ya duba dama. Babu mota ko ɗaya. Ya goge tafinsa a wando, ya kama hannun tsohon, suka tsaya suna jira.